Daga Gidan Amumune zuwa Gadabeji: inda raƙumin dawa ya komo gida

Ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Kurmi, ko goro ya kai shi ko katako, ya san abin da ake nufi da daji a ƙasashen gaɓar teku: itatuwa masu tsawon gidan sama, duhu da rana tsaka, ƙasa a jiƙe tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Abin da galibi ba ya lura da shi, shi da hankalinsa ke kan kaya da kuɗin duwan, shi ne waɗannan dazuzzuka su ma kasuwa suka zama. A gandun Kakum da ke kudancin Gana, tun 1995 aka ɗaura gadojin igiya daga wannan itace zuwa wancan, tsawonsu ya haura mita 300, mutane na biyan kuɗi su hau su yi tafiya a bisa kan daji. A gandun Tayi na Kodebuwa, inda ruwan sama kan kusanci milimita 2000 a shekara, baƙi kan bi sawun manyan birai da ake kira shimfanze, don su gan su suna fasa ƙwara da dutse kamar yadda yara ke fasa ƙwallon goriba. A Ruwanda kuwa, tun 2017 takardar izinin ganin gorila ta kai dalar Amurka 1500, wajen jika 900 ke nan na kuɗin sefa, kuma awa guda tak ake barin mutum a gaban dabbar.

Nijar ba ta da kurmi. Wanda ya tsaya a bayan garin Gidan Amumune, a gundumar Mayahi, ya duba gabas da yamma, ba zai ga komai ba sai jigawa da karan hatsi, da gawo nan da can, da sabara da kalgo a tsakanin kunya. Mai gaggawa zai ce maganar kallon namun daji ba ta shafi wannan ƙasa ba. Amma ta shafe ta, kuma fiye da yadda ake zato, domin a cikin jahar Maradi, arewa maso yamma da wannan gari, akwai gandun da ya haura shekara 65 da kafawa, akwai kuma raƙuman dawa a cikinsa, irin waɗanda babu su ko'ina a duniya sai a Nijar. Mafi yawan ƴan kasuwa da ma'aikatan jahar ba su taɓa taka shi ba.

Dajin da aka sare

A farkon shekara ta 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da suna Abdul Karim, ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya ratsa Damargu ya sauka Tasawa. A littafin tafiyarsa ya ambaci ƙasar da ya ratsa kafin ya shigo ƙasar noma a matsayin mazaunin raƙumin dawa da mariri, wato farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi. A wancan zamani garuruwa kan tattaru ne a bayan ganuwa saboda tsoron hari, abin da ke tsakaninsu kuma daji ne, gidan mahalba da makiyaya.

Da yaƙe-yaƙe suka kwanta a farkon ƙarni na 20, sai manoma suka fantsama. Wani ya ɗauki iyalinsa ya yi gaba, ya gina rijiya, ya sari gona, wurin ya ɗauki sunansa. Wannan ne ya sa taswirar Mayahi da Tasawa da Dakoro ta cika da sunaye masu farawa da Gidan wane ko Ɗan wane, kuma Gidan Amumune na cikinsu. Haraji ya ƙara tura mutane neman abin sayarwa, gyaɗa ta zo ta cinye fili a shekarun 1950 da 1960, jama'a ta yawaita, aka daina barin saura ta huta. Namun daji ba su da wanda zai kai musu ƙara gaban sarki. Suka yi ta ja da baya zuwa arewa, har suka tsallake kwarin Tarka.

Maharbin Hausa na da, duk da kisa ce sana'arsa, yana da ƙa'ida. Akwai lokacin shiga daji da lokacin barinsa, akwai bikin buɗin daji da ake yi kafin a fara farautar shekara, akwai sarkin baka da ake jin maganarsa. Mutumin da zai ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa ya yi ta rarrafe cikin rana har ya kusanci barewa, dabba guda zai kashe, wata rana ma ya komo hannu sake. Bindigar zamani da mota ne suka rushe wannan lissafi. Fari kuma ya gama aikin: na 1973 da 1974, sannan na 1984, wanda mutanen Maradi ke kira El Buhari. Kafin a farga, raƙumin dawa ya ɓace daga jahar, jimina ta ɓace, mariri ya ɓace. Giwayen da kan shigo dajin Baban Rafi daga Najeriya a shekarun 1980 da 1990 su ma sun ɗauke ƙafa.

Gandun da ba shi da shinge

A 1955, saura shekara 5 a samu mulkin kai, hukumar Faransa ta ware eka 76.000 a arewacin Dakoro ta mai da su gandun da aka haramta farauta a cikinsa baki ɗaya. Wannan shi ne Gadabeji, wanda a yau yake cikin gundumar Bermo. Babban dalilin kafa shi shi ne kare mariri. Ba wani ƙaton fili ba ne idan aka gwada shi da gandun W na bakin kogin Kwara, wanda rabon Nijar kaɗai a cikinsa ya kai eka 220.000. Mai ƙarfin ƙafa, idan ya yi sammako, yana iya ratsa Gadabeji daga wannan gefe zuwa wancan kafin dare. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake son mutum da dabba su rayu tare ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba, aka haɗa masa da ƙasar da ke kewaye da shi, jimla fiye da eka miliyan 1,4.

Ƙasa ce ta tuddan rairayi masu kwanciya, waɗanda ciyawa ta ɗaure su, da ƴan kwaruruka a tsakani inda ruwa kan kwanta da damina. Ruwan sama kaɗan ne, da wuya ya wuce milimita 300. Amma wanda ya fito daga ƙasar noma, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne itatuwa: aduwa da danya da kandili da dashi, ga jiga ga anza, tsofaffi da ƙanana a tsaye tare, ba wanda gatari ya yi wa aski. Wannan ita ce kamar da ƙasar Mayahi take da ita kafin a sare ta, ko kusa da haka.

Babu waya, babu katanga. Fulani da Abzinawa na kewaye da gandun da shanunsu da raƙumansu, kuma dabbobinsu na shiga kiwo. Abin da doka ta hana shi ne harbi, da saran itace, da noma, da kafa gari. Masu son gandun daji irin na littafi kan ga wannan a matsayin rauni. A gaskiya shi ne dalilin da ya sa gandun ya rayu. Da an kori makiyaya tun farko, da sun mai da shi abokin gaba, kuma ƴan tsirarun jami'an gandun daji ba za su iya tsare eka 76.000 daga mutanen da suka san kowane kwari a cikinsa ba. Makiyayi ya san ciyawar da ta rage a Gadabeji ita ce ajiyarsa idan bazara ta yi tsanani. Wani lokaci ma ajiyar ba ta isa: a 2010 dabbobi sun mutu da yawan gaske a wannan yanki, mushe ya cika bakin rijiyoyi.

Tafiyar kilomita 800

Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya bambanta da ƴan uwansa na gabas da kudu. Jikinsa ya fi haske, zanensa kamar ya koɗe, ƙafafunsa farare. Da can yana yawo tun daga Senegal har tafkin Cadi. A 1996 da aka ƙidaya, 49 kaɗai suka rage, dukansu a yankin Kure, wajen kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Hukuma ta tsananta tsaro, ƙungiyoyi suka shigo da taimako ga ƙauyuka, mutanen wurin suka kafa ƙungiyar ƴan rakiyar baƙi. Cikin shekara 20 da ɗoriya adadin ya haura 600.

Sai dai nasara ta zo da nata ciwon kai. Kure gonakin mutane ne, raƙuman dawa kuma ba sa tambayar mai gona kafin su ci wake ko su tsinki mangwaro. Babbar hanyar kwalta ta ratsa wurin, motoci na kaɗe su. Ga kuma abin da Bahaushe ke gudu na zuba ƙwai duka a kwando ɗaya: cuta guda ko fitina guda na iya share irin gaba ɗaya. Saboda haka ma'aikatar kula da muhalli, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta yanke shawarar kafa garke na biyu a wani wuri mai nisa.

A watan Nuwamba na 2018 aka yi aikin. An kama matasan dabbobi, aka killace su makwanni har suka saba da mutane da ƙarar mota, sannan aka loda su a tsaye cikin babbar mota mai buɗaɗɗen sama, kawunansu na leƙe. Tafiyar ta haura kilomita 800, kwalta da rairayi, wajen kwana 2, ana tafiya a hankali, ana lura da wayoyin lantarki a kowane gari. Guda 8 suka sauka a Gadabeji, bayan kusan shekara 50 da ganin na ƙarshe a wurin. A ƙarshen 2022 aka ƙara kai 4. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sun zauna, ba su nemi komawa ba, kuma sun fara haihuwa. Ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda, kowane ɗan da ya tsaya da ƙafafunsa babban labari ne.

Hikimar raba garken ta bayyana ta hanyar da ba wanda ya so. Ran 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƴan rakiyar baƙi na wurin. Daga ranar baƙi suka yanke. Gandun W ya daɗe cikin matsalar masu ɗauke da makamai. Gandun Ayar da Tenere na cikin jerin wuraren da UNESCO ta ce suna cikin haɗari tun 1992. Lissafin da aka daɗe ana yi, cewa Bature zai zo da kuɗinsa ya biya kuɗin tsaron dabbobin Nijar, ya rushe. In akwai mai zuwa kallo a shekarun nan, to ɗan ƙasa ne.

Yadda ake shiga daji

Daga Maradi kwalta ce har Dakoro, wajen kilomita 120. Daga can sai rairayi, kuma sai mota kat-kat da direban da ya san sassauta iskar taya. Ba a shiga gandun sai da izinin jami'an gandun daji da kuma ɗan rakiya, haka ma yana da kyau a tambayi hukuma halin hanya kafin a tashi. Mai zuwa ya zo da ruwansa da guzurinsa da abin rufa, domin sanyin dare a can ba wasa ba ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan kaka zuwa ƙarshen ɗari, Nuwamba zuwa Fabrairu: ciyawa ta bushe amma ba ta ƙare ba, rana ba ta kai ga gasa mutum ba. Da damina wurin ya fi kyau ga ido, tabkuna sun cika, tsuntsaye sun yawaita, amma dabbobi kan watsu saboda ruwa da abinci na ko'ina.

Mota tana kai mutum wurin ne kawai. Kallon gaske da ƙafa ake yin sa, kuma da asuba. Ana tashi bayan salla, a bar mota nesa, a yi layi a bayan ɗan rakiya, a rufe baki. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi wuya ga mutanen birni, waɗanda suka saba da a ji muryarsu tun daga ƙofar gida. Babbar riga da shadda mai ƙara ba su da wuri a nan, farin tufafi ma haka, don barewa kan hango fari daga nesa. Sai takalmi rufaffe da wando mai kauri, saboda ƙarangiya ita ce sarauniyar wannan ƙasa, kuma ba ta san babban ma'aikaci ba. Ɗan rakiya kan ɗebi rairayi ya saki a hankali ya ga inda iska ke kai shi, sannan ya zaɓi hanya yadda iskar za ta riƙa bugun fuska, kada ta kai warin mutum ga dabba.

Kafin a ga dabba, sawunta ake karantawa, kuma rairayin safiya allo ne da aka wanke aka sake rubutawa cikin dare. Ga ɗan kofaton barewa mai tsini biyu. Ga sawun dila a miƙe, kamar na mai zuwa wani wuri da gangan. Ga na yanyawa a bakin rami, ga jan wutsiyar damo, ga tsallen zomo. Sawun raƙumin dawa ba ya ɓuya, faɗinsa ya kusa na ƙaramin faifai, amma kashinsa abin dariya ne: dabbar da ta haura mita 5 a tsaye, ƴan ƙwallaye take zubarwa da ba su fi ƴaƴan aduwa ba. Wanda ya ƙware kan duba bakin sawun, in bai rufta ba, in ƙwaro bai ratsa ta kansa ba, ya ce dabbar ba ta yi nisa ba. Kan kuma ɗaga kai ya duba itace, domin raƙumin dawa kan yi wa kandili da aduwa aski daga sama, inda ko raƙumin gida ba ya kaiwa. Harshensa ya kusa rabin mita, yana zagaya ƙaya ya zare ganye kamar mace na tsince shinkafa.

Ganinsa na farko kan zo ne ba zato. Mutum na duban itace, sai wani reshe ya motsa, ashe wuya ne. Ba ya gudu da wuri. Yakan tsaya ya zuba wa baƙo ido daga can sama, yana tauna, har sai ya gamsu, sannan ya juya ya tafi da irin tafiyarsa, ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suna tashi tare, kamar ta raƙumi. Ba a matsa masa, musamman uwa mai ɗa, domin shurinsa na iya kashe zaki.

Barewa ba ta da wannan haƙuri. Iri biyu ne a gandun, mai jan goshi da kuma ƙaramar ta rairayi, dukansu kuwa sun koyi darasi daga masu bin su da mota da babur. Daga nesa ake hango su, su ɗaga kai, su kaɗa wutsiya, su tashi. Jan biri kan ratsa fili a guje, kuma babu birin da ya kai shi gudu a duniya. Tuje kan taka a hankali cikin ciyawa kamar attajirin da ba ya son a san ya iso. A kan manyan itatuwa ana iya ganin sheƙar ungulu, abin da ya zama da wuya a sauran wurare, saboda masu sayen kai da ƙafafunta don haɗa magani sun rage ta ƙwarai a Afirka ta Yamma. Ƙarfe 10 in ta yi, daji ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Sai la'asar kuma.

Wanda ya je da tsammanin abin da ya gani a talbijin, dubban dabbobi na tsallake kogi a Kenya, zai komo da ƙorafi. Gadabeji ba ta ba da kanta da arha. Wata safiyar a yi tafiyar awa 3 a ga barewa 2 da dila guda.

Abin da ke cin gandun

Maharbi ba shi kaɗai ne barazana ba, watakila ma ba shi ne babba ba. Doka ta 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, domin a bar wa makiyaya ƙasarsu, kuma a jahar Maradi iyakar ta bi kusa da kwarin Tarka. Dokar makiyaya ta 2010 ta sake tabbatar da ita. Amma takarda ba ta hana yunwa tafiya. Magidancin da ya mutu a ƙasar Mayahi ya bar gona guda da ƴaƴa maza 6, dole wasunsu su tafi cin rani, wasu kuma su nemi sabon fili, kuma sabon fili arewa yake. Gonaki sun daɗe da tsallake iyakar. Duk gonar da aka sara a can tana matse makiyayi, makiyayin da aka matse kuma gandu yake faɗawa. Ta haka rabon gado a Gidan Amumune ke taɓa abincin barewa a Gadabeji, ko da mutanen biyu ba su taɓa haɗuwa ba.

Sai cinikin ciyawa. Kiwon turke ya bunƙasa a birane, ragon layya na neman abinci, amalanke da manyan motoci na kwashe busasshiyar ciyawa daga ƙasar makiyaya tun kafin rani ya yi nisa. Sai gobarar daji, wadda kan tashi bayan damina mai kyau ta lashe dubban ekoki a dare guda, abin da ya sa kowace shekara ake share hanyoyin tare wuta a yankin Bermo. Sai kuma wata al'ada da ta shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye: ajiye barewa a tsakar gida don ado. Kowace barewa da ke zagaya gidan wani alhaji ko wani babban ma'aikaci, daga daji aka ɗauko ta tana jaririya, kuma sau da yawa sai an kashe uwar ko an gaji da ita da gudu. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara wanda zai riƙe namun daji da sharuɗɗan riƙe su, amma wa zai shiga gidan mai faɗa a ji ya tambayi takarda? Manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa da suka riƙa zuwa farautar tuje da shaho a arewacin ƙasar sun nuna wa talaka cewa doka na da ƙofar baya.

Ga ɗan kasuwa, lissafin a bayyane yake. Barewar da aka kama sau ɗaya ake sayar da ita. Wadda aka bari a daji, ana iya nuna ta ga baƙo yau, a nuna ta ga wani gobe, ɗan rakiya ya samu, mai mota ya samu, mai sayar da nono da cuku a ruga ta samu. An riga an ɗauki wasu ƴan yankin aikin bin sawun raƙuman dawa da ba da labarin inda suke. Abin da ya rage shi ne masu zuwa. Ma'aikacin da ke kashe kuɗin hutunsa a Kano ko Kotonu, da shugaban makarantar da bai taɓa fitar da ɗalibansa bayan gari ba, da ƙungiyar ƴan kasuwar da ke iya tara miliyoyi a zama guda don wani biki, duk cikinsu babu wanda tafiyar kwana 2 zuwa Gadabeji za ta gagara.

Abin da ya komo gonaki

Ba duka labarin ƙasar noma ne na asara ba. Shekarar El Buhari ita ce kuma shekarar babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, a watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kunce. A daidai wannan lokaci wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maradi, ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sarewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In aka zaɓi reshe 2 ko 3 aka bari, aka datse saura, cikin ƴan shekaru sai itace ya tashi, ba dashe, ba ban ruwa. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a ƙasar Agye suka yi suna da shi, ya bazu zuwa Tasawa da Mayahi da Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen eka miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 ta wannan hanya. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa yana da haƙƙi a kansa, abin da da can tsoron tarar jami'in daji ya hana.

Itace in ya komo, ba shi kaɗai yake komowa ba. Wanda ba shi da halin zuwa Gadabeji, ya fita da sassafe ya bi Gulbin Kaba, tsohon kwarin nan da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, inda goriba ta yi layi kuma mata ke yankar kaba don tabarma da igiya. Zai ga kurege na tsere tsakanin kututture, ya ji fakara na kira, ya ga cilakowa da bushiya da zomo, in da rabo har zabin daji. Farkon damina shamuwa za ta sauka a kan gawo da tsamiyar cikin gari, ba mai jifarta, don kowa ya san albishir ta kawo. Raƙumin dawa dai ba zai komo gonakin Gidan Amumune ba, kuma manomin wake ba zai yi maraba da shi ba in ya zo. Amma gonar da ke ba da itacen girki da ganyen dabbobi a gida tana rage masu tafiya arewa da gatari.

Saura mariri, wanda don shi aka kafa gandun tun farko. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji a duniya duka, sai a gidajen ajiye dabbobi. A 2016 ƙasar Cadi, da taimakon Abu Dabi, ta saki garken farko a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, suka hayayyafa har suka kai ɗaruruwa, kuma a ƙarshen 2023 aka cire sunansa daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. A Nijar ana kiwon jimina a Kelle, cikin jahar Damagaram, da niyyar mayar da ita daji, kuma an daɗe ana ambaton Gadabeji cikin wuraren da mariri zai iya komawa. Sai dai shi ba ganyen sama yake ci ba kamar raƙumin dawa. Ciyawa yake ci, ita ɗin dai da saniyar Bafillace da amalanken mai turke ke nema, kuma yana bin ruwan sama ya yi tafiyar da ta wuce iyakar eka 76.000 nesa ba kusa ba.